Gidan Ruwa da Ake Ja da Mota: Abin da Ya Kamata Ku Sani

A Amurka da Kanada akwai wasu dattawa da idan ritaya ta gabato ba gona suke nema ba, ba kuma shago ba. Rumfa suke kafawa a bayan gida, su sayo katako da gam, su duƙufa shekara biyu ko uku suna harhaɗa jirgin ruwa mai ɗaki a kansa: gado, murhu, banɗaki, tebur da 'yar barandar shan iska. Idan ya kammala sai su ɗora shi a kan ƙaramar tirela, su ɗaura a bayan a-kori-kura, su nufi kogi ko tafki. Bayan wata ɗaya ko biyu suna yawo a ruwa sai su fito da shi, su ja shi zuwa wani ruwan, ko su maido shi gida ya huta a inuwa.

Wanda ya ji labarin zai ɗauka babbar matsalar ita ce ruwa: kada jirgi ya yi yoyo, kada ya kife. Ruwa yana da nasa hukuncin, za mu zo kansa. Amma wanda ya fi ruwa iko a kan irin wannan jirgi shi ne titi. Faɗin jirgin, tsawonsa, tsayin rufinsa, kaurin katakonsa, har yawan tukwanen da za a zuba a kicin, dokar hanya da ƙarfin mota ne suke yanke su tun kafin zarto ya taɓa katako.

Kwana a kan kogi ba sabon abu ba ne a can, kuma ba masu hali suka fara shi ba. Daga ƙarni na 19 har zuwa shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, talakawa masu yawa sun rayu a bukkokin katako masu yawo a kogunan Ohio, Misisipi da Tennessee. Wasu masunta ne, wasu masu tsintar ƙumbar kogi suna sayar wa masana'antun maɓalli irin na garin Muscatine a jihar Iowa. Ba haya, ba harajin fili. Idan gari ya ƙi ka, ka kwance igiya ka gangara gaba.

Mutumin da ya mayar da wannan rayuwar talauci abin sha'awa shi ne Harlan Hubbard, wani mai zane, da matarsa Anna. A 1944 suka haɗa nasu jirgin a Brent, jihar Kentucky, da tsofaffin katakan da suka kwaso daga ginin da ake rushewa. A watan Disamba na 1946 suka saki gaɓa, ba inji, ruwa ne kawai ke ɗaukar su. Idan bazara ta zo su ɗaure a wani lungu su yi lambu, idan sanyi ya dawo su ci gaba. Sai a 1950 suka isa New Orleans. Littafin da ya rubuta a kan tafiyar, Shantyboat, ya fito a 1953, kuma har yau masu wannan mafarki suna karanta shi. Sai dai jirgin Hubbard ya kai ƙafa 10 a faɗi, ga ɗan karen nauyi. Inda ruwa ya kai shi nan ya tsaya. Da tafiya ta ƙare sayar da shi suka yi.

Abin da ya sauya tun daga lokacin abu uku ne: katakon filawud mai jure ruwa, gam ɗin efoksi, da manyan titunan da Amurka ta fara shimfiɗawa daga 1956. Ga kuma madatsun ruwa da suka haifar da manyan tafkuna irin su Kentucky, Cumberland da Powell, waɗanda kowanne sai da mota za a sada shi da ɗan'uwansa cikin sauƙi.

Me ya sa tirela?

Jirgin da ke zaune a ruwa kullum yana cin kuɗi ko ba a hau shi ba. Tashoshin ajiye jirage suna karɓar haya wata-wata gwargwadon tsawon jirgi. A arewacin ƙasar ruwa yana daskarewa, dole a biya a ciro jirgi a adana shi kafin hunturu. Gansakuka da ƙananan halittu suna manne wa ƙasansa, sai an kankare an shafa fenti na musamman. Mai ɗan fansho duk waɗannan yake gudu. Jirginsa yana tsakar gida, idan wani abu ya lalace ya fito da silifas ya gyara.

Ga kuma sauri. Irin wannan jirgi yana tafiyar kilomita 8 ko 9 a awa; wanda ya yi awa shida a yini ya ci kilomita 50 ke nan. A bayan mota kuwa kilomita 600 a yini ba wani abu ba ne. Don haka mutum zai iya yin bazara a magudanar Erie ta jihar New York, wadda aka buɗe tun 1825, ko a hanyar ruwan Trent-Severn ta Ontario mai tsawon kilomita 386, da sanyi ya kawo jiki ya ja jirginsa kwana uku zuwa kogin St. Johns a Florida. A hanya ma jirgin ne masaukinsa.

Abin da titi ya yanke

A yawancin jihohin Amurka abin da ake ja a titi ba tare da izini na musamman ba kada ya wuce ƙafa 8 da rabi a faɗi, wato inci 102, kimanin mita 2.6. A Turai mita 2.55 ne. Wanda ya wuce haka sai ya nemi takardar izini a kowace jihar da zai ratsa, ya rataya alamar babban kaya, galibi kuma a hana shi tafiyar dare. Saboda haka kusan duk zanen da za ka gani faɗinsa ƙafa 8 ne ko ƙasa da haka, a bar sauran incin domin ƙarfen kariya da abin da ke leƙowa a gefe. Abin ya kuma dace da katako, domin falle ɗaya na filawud ƙafa 4 ne a ƙafa 8. Tsayi daga kwalta zuwa saman rufi iyakarsa ƙafa 13 da rabi a jihohi da dama, amma mai hankali ba ya kusantar nan. Akwai rassan itace, akwai rumfar gidan mai.

Tunda faɗi ya ƙare a ƙafa 8, tsawo kaɗai ya rage a ja. Nan kuma nauyi ya tare hanya. A-kori-kura irin Ford F-150, gwargwadon injinta da yadda aka haɗa ta, tana jan daga tan 2 da 'yan kai zuwa sama da tan 5. Tirelar kanta, mai taya huɗu, tana cin rabin tan ko fiye daga cikin wannan. Jihohi da yawa suna wajabta birki a kan tirela da zarar kaya ya kai fam 3,000, kimanin kilo 1,360. Idan aka haɗa waɗannan duka, sai ka ga jiragen sun taru a tsakanin ƙafa 20 zuwa 28.

Lissafin nauyin ba shi da wuya, ɗan sakandare zai yi shi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, jirgi kuma yana nutsewa ne har sai ya ture ruwa daidai nauyinsa. A ce shimfiɗar ƙasan jirgi da ke taɓa ruwa murabba'in mita 15 ce. Kowane kilo 150 da aka ɗora zai nutsar da shi santimita ɗaya. Jirgi mai kilo 2,250 zai shiga ruwa santimita 15 kacal. A ruwa ke nan ƙarin kilo 300 bai fi santimita biyu ba, ba wanda zai lura. A titi kuwa wannan kilo 300 ɗin zai iya zama bambanci tsakanin motar da kake da ita da wadda sai ka sayo.

Kuma nauyi ba ya shigowa da sallama. Tankin ruwa mai lita 200 kilo 200 ne. Batirin gubar nan na gargajiya mai amfiya 100 ya kusa kilo 30, na litiyam bai kai rabin haka ba amma ya fi tsada. Anga da sarƙarta, tukunyar gas, firji, katifa, littattafai, kayan gyara. Sannan ga halin magini: duk inda zane ya ce katako mai kaurin milimita 9, zuciya ta ce masa sa 12 don ya fi ƙarfi. Falle ɗaya ba komai, amma jirgi yana cin falle talatin, arba'in. Masu wayo suna ajiye sikeli a bakin rumfa, duk abin da zai shiga jirgi a auna a rubuta. A ganina wannan littafin awo ya fi kowane kayan aiki da ke rumfar daraja.

Titi ya kuma fi ruwa dukan jirgi. A ruwa nauyi yana bazuwa a dukkan ƙasansa. A tirela kuwa a kan 'yan sanduna yake kwance, kowane rami yana girgiza shi. Shi ya sa ake daidaita sandunan tirela su faɗo daidai ƙarƙashin haƙarƙarin jirgin na ciki. Tagogin gaba kuma iskar gudun kilomita 90 a awa suke tara, da tsakuwar da taya ke watsowa, abin da ba za su taɓa gani a kogi ba.

Siffar gangar jirgi

Hanya biyu aka fi bi. Ta farko a sayi dogayen ganguna biyu ko uku na alminiyam, a shimfiɗa daɓe a kansu, a gina ɗaki. Tana da sauƙi, kuma ba ruwanka da fasahar haɗa gangar jirgi. Aibinta shi ne ɗakin yana zama can sama, kuma ganga mai zagaye idan ruwa ya wuce rabinta, ƙarfin ɗaukarta raguwa yake yi da kowane ƙarin nutsewa. Idan mutane suka taru a gefe ɗaya na jirgin da dama an cika shi, gangar wannan gefen tana iya lumewa farat ɗaya.

Ta biyu ita ce gangar katako mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, gefuna a miƙe, gaba ya ɗan ɗaga sama. A nan daɓen ɗaki yana cikin gangar, ƙafar mutum tana daidai da fuskar ruwa, don haka rufi ya sauko, nauyi ya sauko. Wanda ya fi kowa suna a wannan salo shi ne Phil Bolger na garin Gloucester a Massachusetts, wanda ya zana jirage sama da 600 kafin rasuwarsa a 2009. An riƙa yi wa jiragensa ba'a ana kiran su akwatuna, shi kuwa bai damu ba: ya nuna cewa gefen da ya miƙe tsaye ya fi ba da wuri a ciki, ya fi sauƙin yanka, kuma a ruwa mai kwanciya ba ya rage komai. Wani zanensa mai suna Tennessee ya kusa ƙafa 30 a tsawo amma faɗinsa kimanin ƙafa 6 ne, ƙaramin inji yake tura shi. Jim Michalak da Sam Devlin da kamfanin Glen-L, wanda ke sayar da zane tun 1953, duk suna da irin waɗannan. Kuɗin zane ƙalilan ne a kan kuɗin aikin gaba ɗaya, kuma wanda bai taɓa haɗa jirgi ba bai kamata ya fara da zanen kansa ba, ko ya ƙara wa na wani hawa na biyu.

Ga wani abin da sabon shiga ba ya zato. Jirgin nan ƙasansa santimita 15 ne a ruwa, amma bangonsa mita biyu ne a iska, tsawon mita shida. Wanda ya taɓa ganin motar da aka yi wa lodin harawa har sama tana tangaɗi a iskar hunturu ya san hoton. Iska kaɗan daga gefe sai ta kwashe gaban jirgin ta juya shi, musamman lokacin da ake lallaɓawa a hankali zuwa gaɓa, inda inji ba shi da ƙarfin riƙe shi. Maganin da ake yi shi ne a manna dogayen katakai biyu ko uku a ƙasan ganga daga gaba zuwa baya, wasu su ƙara wani allo da ake saukarwa cikin ruwa ta wajen gaba. Wasu kuma suna yin rufin da ake ɗagawa idan an tsaya, a sauke idan za a tafi. Duk da haka matuƙin irin wannan jirgi da asuba yake tafiya, kafin iska ta tashi.

Rufi wurin sola ne da ƙaramin kwale-kwale, ba wurin zaman jama'a ba. Faɗin ƙafa 8 bai isa ya ɗauki mutum biyar a sama ba. Haɗurran jiragen da muke ji a jihohin Kebbi da Neja, inda lodi ya wuce kima, doka ɗaya ce take aiki a kansu.

Katako da gam

Filawud ɗin jirgi daban yake da na silin ko na kabad. Gam ɗin da aka manna yadukansa ba ya narkewa ko an tafasa shi, kuma ba rami a tsakiyarsa inda ruwa zai ɓuya. Ma'aunin da aka fi nema shi ne na Ingila mai lamba BS 1088. Wanda magina suka fi so don rashin nauyi daga Afirka yake fitowa: itacen okume na dazuzzukan Gabon, wanda falle mai kaurin milimita 12 bai fi kilo 18 zuwa 20 ba. Sai dai okume ba ya jure ruɓa, dole a lulluɓe shi ciki da waje. Meranti na kudu maso gabashin Asiya ya fi shi juriya, ya kuma fi shi nauyi.

Abin lulluɓin shi ne efoksi, ruwa biyu da ake gaurayawa su daskare su zama roba mai tauri. 'Yan'uwan Gougeon na Bay City a Michigan ne suka yaɗa amfani da shi a jiragen katako tun daga ƙarshen shekarun 1960, da samfurinsu WEST System. Awonsa ba ya karɓar kintace: idan an ce biyar a ɗaya, biyar a ɗaya ne, in ba haka ba ya ƙi bushewa har abada. Idan aka dama da yawa aka bari a kofi yakan ɗauki zafi har ya yi hayaƙi. Rana tana cin sa, sai an rufe shi da fenti. Kuma wanda ya riƙa taɓa shi da hannu tsirara, wata rana jikinsa zai ƙi shi, ƙaiƙayi da kumburi, daga nan kuwa ko warinsa ba zai iya ba. An yi mutanen da suka bar jirgi rabi saboda wannan. Safar hannu da takunkumi ba ado ba ne.

Ana gina gangar a kife. A tsayar da haƙarƙari, a shimfiɗa filawud, inda falle biyu suka haɗu a fere bakinsu a karkace, tsawon firar ninki takwas na kaurin katakon, a manna. A cike kusurwoyi da efoksi da aka kaurara da garin katako, a shimfiɗa ƙyallen faiba a waje a jiƙa shi da gam, a goge da sanfefa, a sake shafawa, a sake gogewa. Gugar nan ita ce rabin rayuwar magini. Sannan ranar juyawa ta zo, ranar gayya: a kira maƙwabta da surukai, a jera tsofaffin tayoyi, a mirgina gangar ta zauna daidai.

A ranar mutum yakan ji ya gama. Bai yi ko rabi ba. Ɗaki, tagogi, wayoyi, famfo, kabad, ƙofar da za ta rufu daidai, su ne masu cin shekara. Jiragen da ake tallar su rabi da rabi a arha, yawancinsu a nan suka tsaya.

Ruwan da ke kashe jirgin katako kuma daga sama yake zuwa, ba daga ƙasa ba. Ruwan sama ya bi ramin sukuru ko gefen taga, ya shige cikin filawud, efoksi ya hana shi fita, shekara biyar sai yatsa ya nutse a wurin. Ƙa'ida ita ce duk ramin da aka huda a faɗaɗa shi, a cike da efoksi, a sake huda shi a tsakiyar gam ɗin. A kuma bar iska tana ratsa ƙarƙashin daɓe. Dokar Amurka ta wajabta soson hana nutsewa a jiragen da ba su kai ƙafa 20 ba. Wanda ya fi haka ba a tilasta masa, amma raba ƙasan jirgi gida-gida da bangon da ruwa ba ya ratsawa ya fi arha a kan abin da zai hana.

Inji, wuta, da abin da ke kisa

Jirgin da ke ture ruwa yana da iyakar gudu da tsawonsa ya yanke masa. Mai ƙafa 25 iyakarsa kimanin kilomita 12 a awa, mai faffaɗan goshi ma ba ya kai nan cikin daɗi. Ninka ƙarfin inji ba ya ƙara komai sai igiyar ruwa a baya da kuɗin mai. Saboda haka injin rataye mai ƙarfin doki 9.9 zuwa 25 ya isa, a zaɓi mai babbar farfela da aka yi don tura kaya. Lambar 9.9 ɗin ma tana da dalili: wasu tafkuna sun hana injin da ya kai doki 10. Irin wannan yana shan lita 2 zuwa 4 a awa. Sai dai a kogi mai ƙarfin gudu kamar Misisipi ta ƙasa, jirgi mai kilomita 9 gangara kawai yake iyawa.

Sola a rufi tana ɗaukar fitilu, fanka, firji da cajin waya. Na'urar sanyaya ɗaki ce ke jawo janareto, janareto kuma shi ke jawo mutuwa. A watan Agusta na 2000 wasu yara biyu 'yan gida ɗaya suka mutu a tafkin Powell suna iyo a bayan wani gidan ruwa, inda hayaƙin janareto ya taru a ƙarƙashin baranda. Binciken da ya biyo baya ya gano ba su ne na farko ba, kuma a 2001 hukumar tsaron gaɓar ruwan Amurka ta sa aka maido da jirage masu irin wannan salansa don a gyara. Gubar da ke cikin hayaƙin nan ba ta da wari, ba ta da launi. Ita ce dai wadda ke kashe iyali guda a ɗaki a garuruwanmu idan aka kwana da janareto a ciki. Na'urar ƙararrawa da ke jin ta wajibi ce a inda ake kwana.

Gas ɗin girki kuma ya fi iska nauyi. A gida idan ya zuba yakan bi ƙarƙashin ƙofa ya fita. A jirgi ba ƙofa a ƙasa, sai ya kwanta a ƙarƙashin daɓe yana jiran tartsatsi. Don haka tukunyar gas a waje take zama, cikin akwatinta mai rami a ƙasa da ke zubarwa bayan jirgi. Tankin fetur ma haka.

Banɗaki ba a sakin sa a tafki, doka ta hana. Ko dai tankin tarawa da ake zuƙewa a tasha, ko masai mai raba fitsari da bayan gida a busar da shi da ɓawon kwakwa. Masu ƙananan jirage sun fi karkata ga na biyun, don ba ya buƙatar ruwa, nauyi ya ragu ke nan.

Takardu, kuɗi, da jikin mai shi

Tun 1972 kowane jirgi a Amurka yana da lambar shaida mai harafi da adadi 12 a bayansa. Wanda ya haɗa nasa jiha ce take ba shi, galibi bayan jami'i ya duba jirgin ya ga rasit ɗin kaya, don haka rasit ba a yar da shi. Kamfanonin inshora suna ɗari-ɗari da jirgin gida; sukan nemi ƙwararre ya bincika, shi kuma da ƙa'idojin ABYC, majalisar da ke tsara ma'aunin jirage a can, yake auna wayoyi da bututun mai. Tashoshi da yawa ba sa karɓar jirgin da ba shi da inshora ko na dare ɗaya. A jihohin yamma akwai shingen bincike a kan titi domin jirage kawai, saboda wata 'yar ƙumba mai zane da ta shigo manyan tafkunan arewa a ƙarshen shekarun 1980 tana toshe bututun ruwa. Jirgin da bai bushe ba, ko aka ga abu manne a jikinsa, ana tsare shi a wanke.

Wanda ke neman arha ya sayi tsohon jirgi. Idan aka haɗa kuɗin filawud, efoksi, inji, tirela da tagogi, sabon gini ba ya zuwa ƙasa da na hannu mai kyau, kuma ranar sayarwa da wuya a mayar da kuɗin kaya, balle na gumi. Ribar tana wani wuri: jirgi daidai jikinka, wanda ka san kowace waya a cikinsa, da kuma aikin da zai tashe ka da safe bayan ofis ya sallame ka.

Amma shekaru ma suna cikin lissafi. Wanda ya fara yana da 63 ya zaɓi jirgin da zai ci shekara bakwai, gwiwar da za ta hau shi ba ita ce ta fara aikin ba. Ƙarami da aka gama a shekara biyu ya fi. A zana shi domin ɗan shekara 75: daɓe ɗaya ba hawa da sauka, gadon da ba sai an tsallaka wani ba kafin a je banɗaki da dare, ƙarfen riƙo a duk inda hannu zai kai, angar da mutum ɗaya zai ɗaga, tsanin da wanda ya faɗa ruwa zai iya jawowa da kansa ya hau. Kafin a sayi ko falle ɗaya, a zana ɗakin da alli a ƙasa, a tayar da bangon kwali, maigida da uwargida su wuni a ciki. Ƙafa 8 a ƙafa 14 a takarda fili ne; ranar da aka wuni ana ruwan sama mutum biyu a ciki, wani abu ne daban. A tafkin Cumberland da makamantansa ana ba da hayar gidajen ruwa, mako ɗaya a can yakan warware gardama.

Iya ruwa fid da kai, kuma iyawar a nan ita ce sanin inda ba a shiga. Jirgi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa na kogi ne da magudana da tafki mai kariya. Igiyar ruwa mai rabin mita ta isa ta riƙa buga ƙasansa har kwanuka su zube. Akwai zagayen da ake kira Great Loop, kimanin mil 6,000 a kewayen gabashin Amurka, burin 'yan ritaya da yawa. A cikinsa akwai tafkin Michigan da tsallaken tekun Mekziko ta gefen Florida, waɗanda ba wurin wannan jirgi ba ne. Mai tirela yakan ci sassa masu daɗi, kamar kogin Tennessee da magudanar Tombigbee da aka buɗe a 1985, ya zagaye masu haɗarin ta kwalta.

Kafin ranar farko a ruwa, sai a biya ta sikelin manyan motoci da jirgin cike da kayansa, a san ainihin nauyinsa, a kuma auna abin da ke danne ƙugiyar mota. Ana so ya zama tsakanin kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na duka, in ya gaza tirela ta riƙa wutsil-wutsil a gudu. A gangaren sauka a bar boris ɗin taya ya huce kafin a tsoma shi, don ƙarfe mai zafi zuƙo ruwa yake yi. A sauke jirgin rabi yana ɗaure da tirela, a ɗaga daɓe a duba kowane lungu da tocila. Idan a bushe yake a sake shi, a sa mutum biyu su koma gefe ɗaya a ga iya karkatarsa, sannan a tsaya daga gaɓa a duba yadda ya zauna. Galibi baya yakan fi nutsewa saboda inji da mai, sai a matsar da batura da tankin ruwa gaba har ya daidaita, sannan a ɗaure su a inda za su zauna.